Musayar waƙa: PRP da zaɓe mai zuwa

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana ta lissafin zaɓe mai zuwa, kowa na ambaton manyan jam'iyyu, ba mai ambaton tamu, PRP ta Malam Aminu Kano. Ga 'yan baitoci. Mai amsawa ya amsa da waƙa, ban da zagi.

Da sunan Allah nake farawa,
Salati ga Manzo ba ya yankewa,
Batun PRP nake tadawa,
Jam'iyyar Malam ta talakawa.

NEPU ce uwa, a Kano aka haife ta,
A 1950, sarakai suka ƙi ta,
An sha bulala da ɗauri dominta,
Su Gambo Sawaba sun ƙi rusunawa.

Da 1978 ta zagayo,
Malam Aminu da tambarin mabuɗi ya fito,
Talakan ƙauye da na birni ya taho,
"Nasara" kawai ake amsawa.

A zaɓen 1979 mun nuna,
Mun ci Kano, mun haɗa da Kaduna,
Sanata bakwai ga su nan da suna,
Wakilai 49 na rantsewa.

Haraji da jangali aka soke,
Dagaci ya daina yawo da sanda a riƙe,
Bafillace ya kwana da garke a sake,
Ba mai ƙirga shanunsa yana karɓewa.

To sai yaran da Malam ya ɗora,
Suka ce gwamna ba ya ɗaukar gyara,
Zaman gwamnoni tara suka fara,
Ya hana, suka ci gaba da zuwa.

Yanzu ana lissafin 'yan takara,
Ba mu a goma, ba mu a tara,
Laifin Santsi ne, ɓangaren yaran nan, na faɗa ƙarara,
Mai musu ya fito, ina saurarawa.

Baban Sumaila:

Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo mu, dole mu fito.

Malam na Gwammaja, sannu da ƙoƙari,
Ka faɗi rabi, ka bar rabi a asiri,
Matso in cika maka labari,
Tunda kai ba ka ƙarasa ba.

Gwamnoni tara me suka taru a kai?
NPN mai mulki ke son haɗiye mu baki ɗai,
UPN biyar, GNPP biyu, mu biyu kaɗai,
Da ba a haɗu ba, da ba a kai labari ba.

Faɗa mana, Ikoku ina ya ƙare?
Sakataren da kuka ci tuwo tare,
NPN ya koma da kayansa a ɗaure,
Wannan ba ku taɓa sa shi a waƙa ba.

Rimi ya buɗe ajin yaƙi da jahilci,
Ɗaya ga Mayu ma'aikaci ya san 'yanci,
Hutu tun 1980 don mutunci,
Tarayya ma ba ta riga shi ba.

Balarabe ya yi mulki ba kwamishina,
Majalisar NPN ta ƙi kowane suna,
Yunin 1981 suka tsige shi a Kaduna,
Ku da kuka kore shi ba ku tsaya masa ba.

Ran 10 ga Yuli Kano ta kama da wuta,
Takardar tuhuma ga Sarki ce mafarinta,
Dakta Bala Muhammad ya rasu a cikinta,
Mu muka yi makoki, ba mu manta ba.

Ka ce yara ne suka ƙi jin magana,
Yaran nan su talaka ya gani da rana,
Malam ubanmu ne har gobe, na amsa,
Amma uba bai wuce a ba shi shawara ba.

Ɗan Gwammaja:

Alhaji, Allah ya jiƙan Dakta Bala,
Kan wannan ba mu da wata matsala,
Amma gwaninka da ya hango wahala,
Jam'iyyar Zik ya zaɓi komawa.

Malam ya rasu a Afrilun 1983,
Ba ya raye muka kara da ku,
Sabo Bakin Zuwo ya kayar da naku,
Mabuɗi Kanawa suka dangwala wa.

Baban Sumaila:

Wata uku ya yi, Malam, a kan kujera,
Ƙarshen Disamba soja suka yi shara,
Taɓo naku da Santsi namu a kurkuku aka jera,
Gandiroba bai tambayi ɓangare ba.

Gwaggon Tudun Wada:

Kai, ku tsofaffin nan! Malam ya tafi, Rimi ya bi shi a 2010, Balarabe a 2020, Allah ya jiƙansu duka, ku kuma har yau kuna kan faɗan 1980. Ni ban iya ƙwar huɗu ba, ga tawa bibbiyu.

Malam da Alhaji, ku ɗan dakata,
Faɗan nan naku ya yi furfura.

Mu matan Arewa sai a 1979
Muka shiga layin zaɓen babbar kujera.

Da goyo da lulluɓi muka tsaya a rana,
Ba wanda ya ba mu atamfa ko naira.

Yau ku dubi gidan da kuke faɗa a kansa,
Wa ke shigowa, wa ke yin hijira?

Wanda aka hana tikiti a babbar jam'iyya,
Shi ke zuwa mana dab da rufe takara.

Rumfar fakewa ruwa muka zama,
Ana ɗaukewa sai ya bar mana shara.

Shehu Sani ya shigo a 2018,
Da tikitin APC ya gagara.

Ya tsaya a Kaduna ta Tsakiya ya faɗi,
Uba Sani ne ya yi nasara.

Daga baya sai ga shi a PDP,
Shi kaɗai za a zarga? Wasu suka fara.

A 2023 Kola Abiola aka tsayar,
Ɗan gidan kuɗi, mai kyan sutura.

Ƙasa duka ƙuri'a dubu 72 da 'yan kai,
Malam ya haura miliyan da rabi a 1979.

Shugabancin jam'iyyar ma an ja shi,
Ɓangare biyu, kowa da tasa ƙara.

In ku biyu kun kasa zama inuwa ɗaya,
Da wane baki za ku kira yara?

Ɗan Azare:

Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Ni cikin yaran da kike faɗa nake. Iyayena, ku yi haƙuri da abin da zai fito daga bakina.

Ni ban ga Malam ba sai a hoto,
Gidan Mambayya na je na leƙo,
Tarihi na karanta, na kuma jiyo,
Sai dai tarihi ba ya ciyar da mu.

Jar hular da kuke wa alfahari,
Kwankwasiyya ta sa, ta cika gari,
NNPP ta ci Kano a zahiri,
Ko kiran talaka an riga mu.

Obi ya ɗau Labour, ba gwamna ko ɗaya,
Ƙuri'a miliyan shida ya tara gaba ɗaya,
Matasa ne suka yi masa ta waya,
Me ya hana a yi haka da tamu?

Ran 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafi,
Mudun masara ya fi ƙarfin mai ƙarfi,
Agustan 2024 muka fito da zafi,
Ina tutar mabuɗi a cikinmu?

A Bauchi a 2019 an gwada,
PRP ta kai wakilai Abuja, ga shaida,
Mutanen gari sun san su ne tun da,
Darajar mutum ce, ba aƙidarmu.

A bar shugaban ƙasa, a sauko ƙasa,
Kansila tukuna, sai ɗan majalisa,
Mazaɓa guda a riƙe ta ba wasa,
Rijiya da asibiti su yi shaidarmu.

Tsohon Masaƙin Kakuri:

Ɗana, ka yi magana, amma akwai lissafin da ba ka yi ba.

Shawararka ta yi daɗi a baki,
Zaɓen kansila na hannun mai mulki,
Hukumar jiha ke rubutawa a ɗaki,
Da wuya a bar ko ɗaya ta kuɓuta.

Rumfunan zaɓe sun haura dubu 176,
Kowace tana son wakili mai shaida,
Wanda ba a saye shi da kuɗin gyaɗa,
Wa ke da kuɗin abincinsu da mota?

Kashi 25 a jihohi 24,
Doka ce, ba a tsallake ta da gudu,
Mu ba mu da kowa a jihohin kudu,
Ban da haɗaka, ina mafita?

Da can masaƙun Kakuri ke cika taro,
Ma'aikaci da katin ƙungiya, ba tsoro,
An rufe su, ɗansa na acaɓa da babur ɗin aro,
Wa zai tara wanda ba shi da ma'aikata?

A 2020 INEC ta yi tankaɗe,
Jam'iyyu 74 aka kaɗe,
Mu mun tsira, sunanmu ya daɗe,
Rajistar ce jarinmu, a yi ciniki da ita.

Baban Sumaila:

Na Kakuri, bakinka ya faɗi nawa,
Abin da Rimi ya gani tun da daɗewa,
Ƙaramar jam'iyya ba ta tsayuwa
Ita kaɗai, ko Malam bai ci ƙasa ba.

Ɗan Gwammaja:

Inna lillahi! Ciniki fa kuka ce.

Ciniki? Da rajistar Malam Aminu?
Mutumin da bai tara gidaje ba ko shanu?
Da wa za ku haɗa? Ku duba hannu,
Su suka sayar da NEPA muna kallo da idanuwa.

Masu haɗakar nan jiya suna gwamnati,
An hana su ne suka canza kati,
Gara mu sha kaye da namu akwati,
Da mu ci zaɓe talaka na kokawa.

In sun ci, minista ɗaya za su ba ku,
Shekara na zagayowa ya manta da ku,
Ya ɗinka babbar riga, ya daina gaishe ku,
Ku dawo zaure kuna ta cewa da na sani kuwa.

Gwaggon Tudun Wada:

Kun ji ko? Ba Malam, ba Rimi,
An sake rabuwa kan tsohuwar shawara.

Tambaya ɗaya, ku amsa ba da waƙa ba,
Wa ya biya kuɗin kati a bana ko bara?

Baban Sumaila:

Hajiya, katina na nan a akwati. Sai dai na zamanin Imoudu ne, shugaban ɓangarenmu na Santsi.

Ɗan Gwammaja:

Wannan ai ko a lokacin ba mu san da shi ba.

Ɗan Azare:

Baba, in kun ƙi haɗaka na yarda,
Amma ku ba mu tuta da takarda,
Ku turo mana mutum ko da guda,
Ya zo Azare ya zauna da mu.

Gwaggo, ni zan biya nawa a makon nan in Allah ya so. Sai dai ku fara faɗa mini, katin wane ɓangare zan yanka?