Neman shawara: yaya zan tsara gwajin taki a kan tsirrai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma aikina shi ne in gano ko wani sabon taki yana ƙara wa tsirrai tsayi. Niyyata in shuka tukwane 20, in zuba wa dukansu takin, in auna su bayan mako shida. Malamin da ke duba aikin ya ce wannan bai zama gwaji ba tukuna. Don Allah me ya rage?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malam ya yi gaskiya. In duk sun sami taki, da me za ki kwatanta? Ai tsiro zai girma ko ba taki. Ki raba su biyu: goma da taki, goma babu. Waɗannan na biyun su ne rukunin kwatanci. Taki shi ne abin da kike sauyawa da hannunki, tsayi kuma shi kike aunawa. Ruwa, ƙasa, iri, girman tukunya da haske, dole su zama bai ɗaya.

Amsa ta biyu: Zan ɗora a kan wannan, domin a nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Kada ki zaɓi waɗanda za su sami taki da ido, don hannu kan karkata ga masu kyan gani ba tare da mutum ya sani ba. Ki ba kowace tukunya lamba, ki yi ƙuri'a. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya kafa wannan ƙa'ida, tare da maimaitawa da kasa fili gida-gida. Ga abin da kasa fili gida-gida ke nufi: in wasu tukwanen na kusa da taga, wasu na lungu, ki tabbatar kowane wuri yana da masu taki da marasa taki. In ba haka ba, ba za ki taɓa sanin taki ne ya yi aiki ko rana ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in na auna tsiro ɗaya sau goma, na yi maimaitawa ke nan?

Amsa ta uku: A'a, ƙanwata, tsiro ɗaya ne har yanzu. Yawan tukwane ake ƙirgawa, ba yawan awo ba. Kuma in da hali, ki sa wanda bai san wacce ta sami taki ba ya yi miki awon.