Ya zan haɗa Clockify da Google Sheets?

Mai_Buro_Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin buro nan Maradi, yarana suna rubuta awowin aikinsu cikin Clockify, amma duk ƙarshen wata sai na zauna ina kwafe lissafin da hannu cikin Google Sheets kafin in biya kowa kuɗinshi, wallahi abin na cinye mini lokaci kuma kuskure na shiga. Akwai dabarar da zai tafi da kanshi?

Ɗan_Katsinawa:
Wa alaikum salam Alhaji. Buɗe Zapier, wani shafi ne mai haɗa manhaja da manhaja, ka haɗa su biyun, sai ka ce mishi duk sanda yaro ya tsayar da agogo a Clockify ya ƙara layi ɗaya a Sheets, da suna da aikin da awowin. Zapier na kyauta yana ba ka aiki 100 a wata, kowane layi aiki ɗaya ne, to in yaranka na kunnawa suna kashewa sau da yawa a yini zai ƙare tun wata bai raba ba.

Hajiya_Kwamfuta:
Gaskiya ne. Ni Make, wani irin Zapier, nake amfani da shi don kyautarshi ta fi yawa, sai dai ya fi wuyar koyo. Amma Alhaji in sau ɗaya kake biya a wata, fitar da rahoton CSV (fayil ɗin lissafi da Sheets ke iya buɗewa) daga Clockify ka zuba a Sheets kawai.

Mai_Buro_Zariya:
Na gode Hajiya. In rezo ya ɗauke fa?

Ɗan_Katsinawa:
Clockify na waya yana riƙe awowin, rezo na dawowa ya tura su.