Za a yi wa 'yata aikin zuciya a wata mai kamawa, me zan haɗa a jaka?

Maman Hanifa, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa jinyar ƙaramin yaro bayan aikin zuciya. 'Yata shekararta 2 da wata 4, an haife ta da huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, wanda likitoci ke kira VSD. Da farko cewa suka yi a jira, ƙananan hujin kan toshe da kansu. Nata dai bai toshe ba. Ga ta ba ta ƙiba, ta ɗan yi guje-guje sai haki, mura kuwa ba ta barin ta. Yanzu an sa mana rana, a nan cikin Legas.

Maganar kuɗi alhamdulillahi, dangi da abokan kasuwar babanta sun yi abin a yaba. Abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne, har kunyar tambayar likita nake ji. Jiya na zazzage akwatinta, sai na ga duk rigunanta ta ka ake zura su, in ban da atamfofi masu zif a baya da leshin Sallah mai ƙaiƙayi. Wace riga ake sa wa yaron da aka tsaga wa ƙirji? Sannan yarinyar nan ba ta taɓa yin barci ba sai a bayana. Yaya zan yi da goyo?

Kuma ni kaɗai ce. Mahaifiyata tana Funtuwa, baban yarinyar kuma albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, da asuba yake fita. Mutane suna ta cewa in akwai abin da za su yi in faɗa, ni kuma ban san me zan ce ba.

Ummu Sadiƙ, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunta. Ɗana an yi masa irin wannan aikin yana ɗan shekara 3, ga shi can yana buga ƙwallo a layi.

Kwanakin farko a ɗakin kulawa ta musamman ba za ta sa komai ba sai famfas. Za ki tarar da robar da ke fitar da ruwa da jini daga ƙirji, wayoyi manne a jiki, allurar ƙarin ruwa a hannu wani lokaci har a wuya, da wani ɗan abu mai jan haske a yatsa yana auna iskar jini. Ki shirya zuciyarki tun yanzu, ganin farko yana da nauyi. Abin da zai yi miki amfani a nan safa ce da ƙaramin bargo mai laushi, don sanyin na'urar ɗakin ba wasa ba ne, shi ma sai kin tambaya ko suna barin a shiga da shi.

Riga sai an dawo da ku ɗakin jinya. Ki sayi yadin auduga mara nauyi, ki kai wa telanki ya yi miki guda 5 ko 6 a buɗe ta gaba daga wuya har ƙasa, hannu gajere mai faɗi yadda zai wuce kan allurar ba tare da an fige ta ba. Ki ce ya ƙara girma kamar na 'yar shekara 4. Maɓallin roba ko igiya, kada ya sa na ƙarfe, saboda ana yawan ɗaukar hoton ƙirji kuma ƙarfe yana fitowa a ciki. Ya kauce da layin maɓallan gefe kaɗan don kada ɗinkin ya hau kan ciwon. In ba ki son jiran tela, ki shiga kasuwar Katangowa, ai kusa da ku ne, akwai kayan barcin yara masu maɓalli a gwanjo. Ki wanke su tas ki goge.

Tunda damina ce ki ƙara yawan zannuwa da ƙananan tawul. Kin san shanyar Legas, sai ta kwana biyu tana ɗanye.

Goyo kuwa, 'yar uwa, ki haƙura da shi. Ƙashin ƙirjin ake rabawa a ɗaure da waya, kuma yana ɗaukar sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. In kin goya ta, ƙirjin ne zai danne a bayanki, zani ya ƙara matsewa. Haka ba a ɗaga ta ta hammata, ba a jan ta ta hannu. Hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, ɗaya a bayan kafaɗu, ki kwaso ta. Ki fara koya mata barci a cinya tun yau. Za ta yi rigima, amma gara ta yi ta a gida da ƙirji lafiyayye.

Baban Khalifa, Alaba Rago

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Mata sun fi ni sanin tufafi, ni ta ɓangaren maigida zan yi magana.

Masu cewa a faɗa musu abin da za su yi, a fara da jini. Aikin nan ana tanadar masa jini, kuma galibi 'yan uwa ake cewa su kawo masu bayarwa. Maigidan ya tambayi leda nawa ake so da ranar da ake son su, ya tara samari lafiyayyu daga kasuwa, ya kai fiye da adadin, domin a wurin gwaji ana mayar da wasu.

Na biyu, ɗan aike. Ke ba za ki iya barin gefen gado ba, alhali za a riƙa miƙo takarda: a biya wannan, a sayo wancan magani, a karɓo sakamakon gwaji. Dole a samu namiji ko budurwa mai jin Turanci ko Buroka da zai zauna a harabar asibitin da kuɗi a hannu da kuma a waya, don intanet na iya ɗaukewa a lokacin da ake gaggawa. Kada maigida ya ce in an kira shi zai taho daga Mile 12. Go-sulo na hanyar Ikorodu bai san mara lafiya ba. Ya bar wa yaronsa rumfa na sati guda.

Ranar sallama a ɗauki mota shata. Ban da danfo, ban da Keke, ramukan hanya kaɗai sun isa.

Sista Maman Amira, Obalende

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara. Duk abin da likitocinta suka faɗa shi ne gaba da nawa, amma ga abubuwan da na ga suna ba mutanenmu matsala.

Azumin kafin aiki. Abin da aka saba shi ne awa 6 ba abinci ba madara, awa 4 ba nono, farin ruwa kuma a tsaya awa 2 kafin a shiga, amma mai ba da maganin barci zai ba ki lokacinku. Rubutu ma sha ne. Na sha ganin kaka ta ɗura wa yaro a ɓoye da safen aiki, a ƙarshe a ɗage. A yi tofi a shafa a kai, a bar ciki wayam.

A cire 'yan kunne, awarwaro, laya da jigida tun daga gida. Kada a yi mata lalle, muna duba launin farce, baƙin lalle kuma yana iya rikita na'urar yatsa. Kitso a yi mata shi kwance, ba duwatsu, ba tudu a ƙeya, domin a rigingine za ta daɗe. In tana da ruɓaɓɓen haƙori ki faɗa da wuri, ƙwayar cutar baki tana iya kaiwa zuciya. Mura, tari ko zazzaɓi a satin aikin, ki sanar da su, kada ki ɓoye don tsoron a ɗage.

Inda zan ɗan saɓa da Ummu Sadiƙ: riguna 3 ma sun isa a asibiti, sauran a gida za su yi aiki. Famfas ne za ki ninka. Ana ba su maganin sa fitsari bayan aikin, kuma kada ki yar da wanda kika cire sai kin tambaya, a kan sikeli muke ɗora shi mu san yawan abin da ta fitar.

In kun koma gida: ba man zafi, ba man kaɗanya, ba hoda a kan ɗinkin, ba zama cikin baho sai an ba da izini. Zazzaɓi ya kai 38, ko wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa, ko numfashi ya sauya, a koma asibiti a ranar.

Hajiya Iya, Agege

'Yata, ki aika wa mahaifiyarki ta taho ko ta turo ƙanwarki, jinya ba ta mutum ɗaya ba ce. Masu son zuwa dubiya kuma ki raba musu kwanaki: wannan ta kawo abinci a kula, waccan ta karɓi wanki. Cika ɗaki da jama'a da turare ba alheri ba ne ga yarinyar, ko bayan kun dawo. Ki sa ni a ranar Talata, zan yi miki kunun gyaɗa.

Maman Hanifa, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Iya, na rubuta Talata, kuma ƙanwata za ta taso ƙarshen wata. Babanta ya karanta maganar jinin, ya ce gobe zai yi wa shugaban layinsu magana.

Daren jiya na gwada barcin cinya. Ta yi kuka har maƙwabciyata Bayarabiya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko lafiya, ta riƙa jawo zanin goyon tana miƙo mini. Sista, zanin nan zan iya shiga da shi ɗakin kulawar in na wanke, ko a ajiye mata kusa da kai? Kuma fulas ɗin ruwan zafi ana barin sa a ɗakin jinya, ko in bar shi a gida?