Layar zana a Surame: ɓata tarihi ne ko kuwa?

Wata 'yar zauren marubutanmu na Argungu ta turo babi biyu na labarin da take rubuta wa matasa. Labarin wata yarinya ne 'yar shekara 15 a Surame, tsohon babban birnin Kabi, zamanin Sarki Kanta, tana bin sawun ɓarawon da ke shiga taskar sarki da layar zana. Ga yadda aka kwashe a zauren.

Malamin Tarihi: 'Yata, alƙalaminki na da kaifi, amma ban yarda ba. Kanta ba Gizo ba ne. Mutum ne da ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun saɓa kan ganimar yaƙin Agadas, ya gina birni da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har gobe. Yaron da ya fara jin sunan Surame a labarin ɓarawo mai ɓacewa zai ɗauka birnin ma ƙirƙira ne.

Ɗan Masunta: Malam, a gafarce ni, yara nawa ne suka san Surame yanzu? Gidan tarihin Kanta na nan cikin gari, ƙannena ba su taɓa leƙawa ba sai da makaranta ta kai su.

Maman Biyu: Ni ba tarihin ya dame ni ba, tsafin ne. Mu da ke fama da masu yawo da layu a daji, sai kuma a nuna wa yaro laya na aiki?

Marubuciya: Anti, ki duba babi na biyu. Layar ta ɓoye shi daga idon dogarai, ba ta ɓoye sawunsa ba. Yarinyar ta ga laka mai danshi a bakin ƙofa alhali rani ne, ta gane daga fadama ya fito. Ko guru ɗaya ba ta ɗaura ba.

Ɗan Masunta: Wanga shi ne zancen. Mutanen wancan zamani sun yarda da baduhu da sagau da maganin ƙarfe, in ka cire su ka ƙirƙiro wasu mutane daban. Ko yau, kafin masunta su faɗa kogin Matan Fada da homa da gora a bikin kamun kifi na Argungu, ai sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma kowa ya san abin da ake cewa game da shi da kadoji.

Malamin Tarihi: A ce sun yarda daban, a nuna mutum ya ɓace a gaban mai karatu daban.

Maman Biyu: Nan nake nufi, Malam.

Admin: Ni abin da ya tsaya mini a rai ba wanda ya taɓo shi. A shafi na huɗu dogari na kurɓar shayi, kuma yana rubuta bayanin shaidu sai ka ce ɗan sanda a caji ofis. A ƙarni na 16!

Malamin Tarihi: Wallahi ban lura ba, layar ta ɗauke mini hankali. Wannan ya fi ta muni.

Marubuciya: Shayi zai koma fura. Layar kam tana nan, Baba Malam. Zan dai ƙara shafi a ƙarshe in ware abin da ya faru da abin da na ƙaga.

Maman Biyu: Yara ba sa karanta shafin ƙarshe. Sa shi a farko, kuma ki turo mini babi na uku kafin in bar nawa su gani.