Yaro a ajina ya daina magana tun rasuwar mahaifiyarsa, ku ba ni shawara

Malama Rifkatu:

Salamar Ubangiji gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe a cikinku ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Ina koyar da aji uku a makarantar firamare ta ikilisiyarmu, shekara shida ke nan. Akwai yaro mai shekara takwas a ajina, ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifiyarsa ta rasu wata biyar da suka wuce. Da can shi ne mai ɗaga hannu tun ban rufe baki ba, har sai na ce ya bar wa wasu. Yanzu sai a yini bai ce uffan ba. Kusan kullum, da mun gama addu'ar safe mun shiga aji, sai ya dafe ciki ya ce a mai da shi gida. Babansa ya kai shi asibiti sau biyu, an duba ba a ga komai ba. Sau biyu kuma ya yi fitsari a wando, yara suka laƙaba masa suna. Makon jiya ya maka wa wani yaro littafi a fuska har leɓe ya fashe.

Malamai sun rabu biyu. Wasu sun ce shagwaɓa ce, bulala ce maganinta. Wasu sun ce abin na ruhu ne, a fito da shi gaban dukan makaranta a ɗora masa hannu. Kada a yi mini mummunar fahimta, ni mai addu'a ce, kuma ina yi masa kowane dare. Amma duka biyun hankalina bai kwanta da su ba. Ba mu da malamin ba da shawara, yara arba'in da ɗaya ne a gabana. Me zan yi ranar Litinin da safe? Me kuma makaranta za ta iya yi, don na san ba shi kaɗai ba ne, nasa ne dai ya fito fili.

Sista Hannatu:

Sannu da ƙoƙari, Malama. Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin yara. Abu na farko, ciwon cikin nan ba ƙarya ba ne. Akwai jijiyoyi da suka haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, shi ya sa ko babba idan fargaba ta kama shi sai cikinsa ya murɗa. Yaro ba shi da kalmar da zai ce "ina cikin damuwa", jikinsa ne ke faɗa masa: ciwon ciki, ciwon kai, fitsarin da ya daɗe da dainawa ya dawo, saurin fushi. Gwaji ba zai nuna komai ba, amma zafin yana jin sa. Duk wanda ya ce masa ƙarya yake yi, ya koya masa ya daina faɗa ne kawai.

Kuma kada abokan aikinki su ce yara ba su san damuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne daga shekara 14 zuwa ƙasa, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata irinsu. Wato da yawa tun suna kan bencin firamare abin ke somawa.

Ki tambayi baban yadda barcinsa yake. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. Wanda ke kwana ido biyu, da safe ko kallon banza aka yi masa sai ya kai duka. Wata biyar yana haka, kuma abin ya hana shi karatu da wasa, a ganina lokaci ya yi da za a koma wurin likitan yara, a wannan karon a faɗa masa labarin duka, ba ciwon ciki kaɗai ba, shi ya san inda zai tura su. In kuwa kika ji yana cewa yana so ya bi mamarsa, ko ya soma ji wa kansa rauni, ko ya daina cin abinci, wannan ba na jira ba ne, a ranar za a tafi.

Malam Bitrus:

Ku yi mini haƙuri, zan ɗan saɓa. Ina aji huɗu mahaifina ya rasu, ba wanda ya zaunar da ni yana tambaya yaya nake ji, ga ni kuma na girma. Yaron da aka fasa wa leɓe fa? Shi ma ɗan wani ne. Idan sauran arba'in suka ga an yi duka an wuce ba hukunci, gobe Malama ba za ta iya riƙe ajin ba. Karin Magana 13:24, ayar da ta ce wanda ya hana ɗansa sanda ba ya ƙaunarsa, ba mu muka rubuta ba.

Baba Dogara:

Bitrus, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin nan yana da nauyi. Ɗaya rabin bari in ba ka labari a kai.

Shekara talatin da huɗu na yi da alli a hannu, goma sha ɗaya ina hedimasta. Akwai yarinyar da na yi ta zanewa zango guda saboda ba ta amsa kira, kuma tana gyangyaɗi a aji. Na ɗauka raini ne. Sai daga baya aka gano kunnenta ɗaya ba ya ji, kuma ita ke kwana tana jinyar kakarta. Yau ta zama uwa, in mun haɗu har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni, ni kuwa kunya ke rufe ni. Bulala tana sa yaro ya yi shiru. Wannan yaron shirun ne ciwonsa, me za ta ƙara masa?

Hukunci dai a yi shi. Ɗiyata Rifkatu, ki kira shi gefe, ki ce masa fushi ba laifi ba ne, duka laifi ne. Ya ba wancan yaron haƙuri, ya yi masa wani abu na gyara ɓarna, ko ɗaukar masa jaka na mako guda ne. Amma masu kiransa da sunan banza su ma a tsawata musu a rana ɗaya. Ina kyautata zaton in kin bincika za ki tarar wanda aka fasa wa leɓen shi ya fara kiran sunan.

Ranar Litinin kuwa ki tsaya a bakin ƙofa, ki gai da kowane yaro da sunansa, shi ma haka, kada ki ware shi. Ki ba shi ɗan aiki na kullum da ba sai ya yi magana ba, kamar share allo ko raba littattafai. Ku yi wata alama tsakaninku, in ya yi ta ya fita ban ɗaki ba sai ya nemi izini da baki ba. Ki ajiye wando guda a durowa ba tare da kowa ya sani ba. Yaron da duniyarsa ta kife a dare ɗaya, abin da ke kwantar masa da rai shi ne ya ga yau ta yi kama da jiya: malama ɗaya, wurin zama ɗaya, tsari ɗaya. In za ki yi fashi, ki faɗa masa tun kafin ranar, ki kuma faɗa masa ranar dawowarki.

Batun makaranta ba sai an ɗauko wani daga waje ba kafin a fara. A zaɓi malami ɗaya mai riƙe sirri wanda yara suka san za su iya zuwa wurinsa. A sami littafi guda da ake kullewa, a riƙa rubuta abin da aka gani da kwanan wata, abin da ido ya gani kawai, ban da zato. Kuma duk gidan da aka yi rasuwa ko rabuwar aure, malamin aji ya sani kafin yaron ya dawo. Sau nawa malami ya ce "je ka kira mamarka" ga yaron da aka binne uwarsa makon jiya?

Malam Bitrus:

Ranka ya daɗe, Baba, na ji. Ban janye batun hukunci ba, amma na yarda ba lallai sai da bulala ba.

Fasto Ishaku:

'Yar'uwa Rifkatu, bari in taɓa ɓangaren da ya shafe ni, don mu masu wa'azi muna da hannu a wannan ruɗanin.

A 1 Sarakuna 19, Iliya, wanda wuta ta sauko daga sama a kan addu'arsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai tsawata masa kan rashin bangaskiya ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana arba'in, a Horeb, aka zo ga magana. A Markus 5, da Yesu ya ta da 'yar Yayirus mai shekara goma sha biyu, sai da ya fitar da taron waje tukuna, daga baya ya ce a ba ta abinci. A Markus 7 kuma, kurman nan da aka kawo masa, janye shi ya yi daga cikin jama'a zuwa gefe kafin ya taɓa shi. To wane ne mu da za mu tsai da maraya mai shekara takwas a gaban ɗaruruwan yara muna ihu a kansa? Abin da zai ɗauka shi ne akwai mugun abu a cikinsa, sauran yara kuma ba za su manta ba har su gama makarantar. A yi addu'a, malamai su yi azumi in sun ga dama, amma a ofis, tsakaninsu. In za a yi tare da shi, a tambaye shi, a yi gajere, da murya ƙasa-ƙasa. Zuwa asibiti kuma ba gazawar bangaskiya ba ce, Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Abin da na fi so ki bincika shi ne me aka faɗa wa yaron game da rasuwar. Mu manya mukan ce "ta yi barci cikin Ubangiji", mun san abin da muke nufi. Yaro kuwa yadda ya ji haka yake ɗauka, sai ya soma tsoron kwanciya. Mukan ce "Allah ya ɗauke ta don yana ƙaunarta", sai yaro ya yi lissafinsa: to saura wa? Gara a ce masa ta mutu, jikinta ya daina aiki saboda ciwo, ba laifinsa ba ne, sannan a kawo begen tashin matattu. Kuma a daina ce masa Kirista ba ya kuka. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san abin da zai yi. Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, ta 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare, ba a cire su daga Littafi ba. Ayoyin haddarmu na makaranta kusan duka na murna ne, ya kamata mu sa irin waɗannan ma.

Maman Tagwaye:

Ni uwa ce, ba malama ba. Da maigidana ya rasu, 'yata tana da shekara bakwai. Sai bayan wata takwas, muna wanke-wanke, ta ce wai don ta ƙi zuwa aike ranar da ya kwanta ne ya mutu. Wata takwas tana ɗauke da wannan ni ban sani ba! Malama, kada ki zaunar da shi ki yi ta jero tambayoyi, ba zai faɗa ba. Ki ba shi takarda ya yi zane kina gefe kina naki aikin, maganar za ta fito da kanta. Kuma don Allah in ranar iyaye mata ta zo za a yi kati a aji, ki tambaye shi tun da wuri abin da yake so. 'Yata ta zaɓi ta yi wa babanta kati a ranar iyaye maza, har yau yana cikin Littafinta. Ki ga baban ma, ki fara da gaisuwa ba da ƙara ba, shi ma a cikin makokin yake.

Sista Hannatu:

Na manta abu ɗaya. In ya buɗe baki, kada ki yi masa alkawarin ba za ki gaya wa kowa ba. Ki ce sai wanda zai taimaka kaɗai zai ji. Wani lokaci abin da ke fitowa ya wuce makoki, sai ki tarar wani ne ke cutar da yaro a gida ko a hanya, wannan kuwa dole ya kai ga shugaban makaranta da hukumar da ke kula da kare yara a ranar.

Malama Rifkatu:

'Yan'uwa, mako uku ke nan, na ga ya kamata in dawo. Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka.

Baba, zatonku ya yi daidai, wancan yaron ne ya fara. Sun ba juna haƙuri. Na ba shi share allo. Kwana tara bai ce komai ba, har na fara cewa aikin banza nake yi. Ran na goma, lokacin tara, yana sharewa ya ba ni baya, sai ya ce, "Malama, babana mutumin kirki ne?" Na ce ƙwarai kuwa. Sai kuka. Ashe ranar jana'iza ya ji ana ta cewa mutanen kirki ba sa daɗewa, Allah na saurin ɗaukarsu. Mamarsa kuma yana makaranta ta cika. Shi ya sa kullum yake so ya koma gida, ya ga ko baban yana nan. Fasto, sai da na zauna, ƙafafuna suka kasa ɗaukata, don ina jin har da ni a masu faɗin wannan maganar ranar.

Na ga baban. Ya yi kuka shi ma, ya ce bai taɓa kiran sunanta a gaban yaron ba tun ranar, don kada ya tayar masa da hankali. Yanzu shi ke rako shi, kuma yakan faɗa masa ƙarfe nawa zai zo ɗaukarsa. Likitan yara ya tura su wurin mai duba lafiyar tunanin yara, suna jiran ranarsu.

Ciwon cikin ya ragu, bai tafi ba. Ranar Laraba ma ya sāke jiƙa wando, amma ba wanda ya sani sai ni. Hedimasta ya hana fito da shi gaban makaranta, ya kuma yarda da littafin da Baba ya ce. Batun malami guda da yara za su riƙa zuwa wurinsa ya ce sai hukumar makaranta ta zauna. Baba Dogara, da zan sami yadda kuka tsara shafukan littafin nan naku, me da me kuke rubutawa, da na ji daɗi, don jibi ne taron malamai kuma ni aka ce in kawo.