Karena yana amai kuma yana faɗuwa yana jijjiga, farfaɗiya ce ko me?

Mai_Kiwo: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Karena ne tun safe yake ta amai, sai can ya faɗi gefe ɗaya ƙafafu suka sandare yana ta jijjiga, kumfa a baki har fitsari ya saki, da ya farfaɗo kuma sai yawo yake yana karo da bango kamar bai san ni ba. Shekararsa biyu, bai taɓa yi ba. Jiya dai an yi masa wanka da maganin kaska. Wani ya ce in ɗura masa madara, in yi?

Baban_Ummi: Wa alaikumus salam. Kar ka ɗura masa komai ɗan uwa, ba madara ba ruwan gishiri, kare a wannan halin ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, abin sai ya wuce huhu ya ƙara masa wata cutar. Ni wankan nan nake zargi wallahi, wasu magungunan kaska in an haɗa da ƙarfi ko ya lashe jikinsa to haka suke yi, amai, dalalar miyau, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, sannan jijjiga. Ɗauki kwalbar ka tafi da shi wajen likitan dabbobi yanzu, sunan da ke jikinta ne zai nuna masa allurar da zai yi.

Hajjaju: Allah ya ba shi lafiya. An yi masa rigakafi kuwa? Don distempa, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, ita ma tana kawo amai da jijjiga, amma ita yawanci za ka fara ganin kwantsa da majina da tari, wani lokacin baki na motsi kamar mai taunar cingam. In kuma ba a yi masa na ciwon hauka ba to ka yi hankali da miyaunsa.

Baban_Ummi: Haka ne Hajiya. Farfaɗiyar gado kam akwai ta, takan fara tsakanin wata 6 zuwa shekara 6, amma wanda ya fara da amai sai an cire batun guba tukuna, har da maganin ɓera da cakulan. Malam in ya sake yi kar ka sa hannu a bakinsa, ba ya haɗiye harshe, cizo kawai za ka sha ba da saninsa ba. Janye kayan da zai buge, ka duba agogo, ka yi bidiyo a waya likita ya gani. In ta wuce minti 5 ko ta maimaita a yini guda jiki na ɗaukar zafi sosai har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Kuma kar a ba shi farasitamol.

Mai_Kiwo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Rigakafinsa cikakke ne Hajiya, ba majina ba tari. Miyau dai yana ta zuba, na ɗauko kwalbar mun kama hanya.