Akwatin kwantirolar fitilun layi: wanne ne ya jure muku damina da zafin Zariya?

Mai tambaya, Gyallesu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake nema. Bara mutanen layinmu muka yi karo-karo muka sa fitilun sola guda 6, daga ƙofar masallaci zuwa bakin kwalbati, saboda masu fita Asuba da yaran makarantar dare. Kwantirolar da ke cajin batir, ita ce kuma ke kunna fitilun da Magariba ta kashe su in gari ya waye, an ɗaure ta a jikin falwaya cikin akwatin roba. Rana ta gasa robar har ta tsattsage, ruwan Agusta ya shiga, ta ƙone. Muka sayi ta biyu muka sa a akwatin ƙarfe da mai shago ya rantse ruwa ba ya shiga. Shekaranjiya na buɗe, sai ga ruwa kwance a gindinsa kamar cokali uku, bakin wayoyin har ya fara yin kore. Kuɗin jama'a ne, har da tsofaffin da suka kwance bakin zani suka bayar, kuma ina jin nauyin in koma musu karo na uku. Wane akwati kuka sa ya riƙe, kuma a ina kuka samo shi?

Mai haɗa sola, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu kama akwatin da laifi, ta ina wayoyin suka shiga, ta sama ko ta ƙasa?

Mai tambaya:

Ta sama, Yaya. Rami biyu aka huda aka toshe da silikon.

Mai haɗa sola:

To ga ɓarawonka nan. Ruwa bin waya yake yi kamar yadda yake bin igiyar guga. Wani gida da na yi wa aiki a Hanwa sau biyu ina canza musu kwantirola kafin in gane haka, kuma akwatinsu mai tsada ne. Yanzu ko za a biya ni ninki ba na huda sama ko gefe. Duk waya ta ƙasa take shiga, ta cikin gilan, wato notin nan mai roba a ciki da ke shaƙe wayar in an ɗaure shi. Sai ka bar wayar ta sauko ƙasa da akwatin kaɗan, ta lanƙwasa ta hau, ruwan ya ɗige a lanƙwasar.

In na kanti za ka saya, duba lambar IP a jikinsa. Lambobi biyu ne a ƙa'idar IEC 60529. Ta farko ta ƙura ce: 5 na nufin ƙura kan ɗan shiga amma ba ta kai ta yi ɓarna ba, 6 ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce: 4 fantsama, 5 feshin tiyo, 6 feshi mai ƙarfi, 7 kuma nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. A garin nan da hazon hunturu ke shiga har cikin kwanon abinci, kuma ruwan farkon damina ke zuwa da iska a kaikaice, ban yarda da abin da ya gaza IP65 ba. Ana samu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari, in girman da kake so ya ƙare sai an aiko daga Kano ko Kaduna. Amma sitika kowa na iya mannawa. Ni buɗewa nake yi in ga robar bakin ƙofar ta zagaye ba yankewa, in sa fitilar wayata a ciki in rufe, in kare da hannu in leƙa ko haske na fita ta wani lungu.

Mai walda, Tudun Wada:

Alhaji, ni ba zan rubuta maka IP a jikin aikina ba, don ba ni da injin gwaji. Amma akwai wanda na yi wa wata islamiyya a Tukur-Tukur, damina huɗu ke nan, duk sanda na wuce nakan tsaya in buɗe, a bushe yake. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 na sa. Na yi masa hula mai gangare da ta zarce ƙofar da faɗin yatsu uku, na lanƙwasa bakin akwatin waje ya zama kamar ɗan indararo, ƙofar ta hau kansa, sannan na liƙa robar ƙofar mota a zagaye.

Wurin da 'yan uwana masu walda suke sakaci shi ne fenti. In ƙarfe mai ruwan tutiya ne, wutar walda tana ƙone tutiyar a wurin ɗinkin, tsatsa kuwa daga nan take farawa. Dole a kankare a shafa jan fenti tukuna, ya bushe sosai, sannan a bi da na sama. Hayaƙin wannan ƙarfen kuma yana sa zazzaɓi, a fili nake yin sa, ba na barin yarana su tsaya a kai.

Tsohon ma'aikacin lantarki, Samaru:

'Ya'yana, duk kun faɗi gaskiya, amma ina da ja a kan abu ɗaya. Ruwan da Malam ya gani, ba lallai duka na sama ba ne. Akwati yana gumi. Da rana iskar ciki ta yi zafi ta kumbura ta fita ta 'yar kafar da ido ba ya gani, da dare ƙarfen ya huce ya zuƙo iska mai laima, laimar ta kwanta a jikin ƙarfe ta zama ɗigo. Kullum kaɗan-kaɗan, ba ta da hanyar fita. Na gida na na toshe shi ruf da silikon a shekarar da na sa shi, cikin Satumba na tarar da raɓa a jikin murfin ta ciki, alhali ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba. Sai na sa masa ɗan noti mai numfashi a gindi, wanda iska ke ratsawa ruwa ba ya ratsawa. Tun daga nan shiru.

Ku kuma kiyayi silikon mai warin tsami. Tsamin da yake fitarwa yayin bushewa yana cin jan ƙarfe, ƙila shi ya taimaka wa korenka, Malam.

Sai zafi, wanda a ganina ya fi ruwa kashe kwantirola a nan. A Maris da Afrilu inuwa ma takan kusan kai digiri 40, to ina ga baƙin akwatin ƙarfe a tsakar rana? Ka ɗora tafin hannu da Azahar ka ji. Kafasitocin da ke cikin na'urar, wato 'yan ƙananan kayan nan da ke riƙe caji, abin da masu sana'ar suka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. Don haka fari ko ruwan toka mai haske za ka shafa, ka rataye shi ƙarƙashin farantin solar ya sha inuwa, ka ɗaure bayan kwantirolar a jikin ƙarfe don zafinta ya bi ya fita. Kada ka matse ta, bar mata sarari sama da ƙasa kamar yadda takardarta ta ce.

Uwargida, Wusasa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni akasin haka ya same ni. Mai aikin ya huda mana ramuka manya don shan iska, zanzaro ya shiga ya gina ɗakinsa a kan wayoyin, daga baya tsaka ta maƙale tsakanin waya biyu, fitilar ƙofar gida ta mutu ana gobe Sallah. Da hannuna na yanko ragar sauro ta ƙarfe aka liƙa a kowane rami. A duba ramin da ba a amfani da shi a toshe.

Mai gonar kaji, hanyar Shika:

Abu biyu daga gare ni. Kada ka haɗa batir mai ruwa da kwantirola a rufaffen akwati ɗaya. Yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, tururinsa kuma ya ci mini allon na'ura sukutum. Nasa gidan daban, mai shan iska. Na biyu, kwantirolata mai rimot ce, ina sa ta a ƙarfe ta daina ji sai na buɗe ƙofa. Ƙarfe yana tare sigina, sai da aka fito da eriyar waje. Haka in taka mai idon gane duhu ce, idon a waje zai zauna, kuma kada ya kalli fitilar, in ba haka ba ta dinga kunnawa tana kashewa har safe.

Tsohon ma'aikacin lantarki:

Na manta, kuma shi ya fi komai. In akwai ranar da za ku jona wutar gari a akwatin nan, a ɗaure jikinsa da ƙofarsa da wayar ƙasa zuwa sandar da aka kafa a ƙasa. Yara ne ke jingina da falwaya da jiƙaƙƙen hannu.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba nisan kwana. Na karanta wa kwamitin layi bayan Isha'i. Mun tsaya a kan ba za mu jefar da akwatin ba: za a toshe ramukan saman da walda, a huda ƙasa a sa gilan, a yi masa hula da farin fenti, a ɗaga shi ƙarƙashin farantin inda hannun yaro ba ya kai. Malam mai walda, kwaɗon fa? Wanda muka sa ruwa ya shige shi ya ƙi buɗuwa sai da muka sare.

Mai walda:

Ka sauko da shi ka kawo ranar Asabar da safe, Alhaji, tare da kwantirolar don in auna. Kwaɗon zan yi masa ɗan aljihun ƙarfe mai buɗaɗɗen gindi, ruwa ba ya sauka a kansa, zarto ma ba ya samun wurin kamawa. Ka taho da gilan ɗin daidai kaurin wayoyinku, kada a huda rami ya fi shi faɗi.